Kwanon Shef Usmanu

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da na shiga gareji lokacin abincin rana na tarar da Shef Usmanu zaune shi kaɗai da ɗan kwanonsa, sauran direbobi kuma sun kewaye babban faranti sun ba shi baya. Ku da kuka shigo aikin kula da lafiyar ma'aikata yanzu, kuna da takardu masu hotuna da na'urori na zamani, amma wannan labarin ba ya cikin takardunku.

A lokacin ni ne anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, na wani kamfanin dakon kaya a nan Garwa. Manyan motocinmu suna ɗauko kaya daga Ngaundere, inda jirgin ƙasa yake tsayawa, su kai Marwa da Mora har Kusiri. 'Yan shekaru ke nan bayan an karya darajar kuɗin sefa, kamfanoni suna ta rage ma'aikata, abin da muke kira kompresiyo. Kowa yana aiki ne kunnensa yana ofis. Ɗan ɗakina yana bayan ma'ajiya, da gado ɗaya da sikeli da abin awon jini. Ma'aikata Dokta suke ce mini, ni kuma ban taɓa gyara musu ba, don sunan yana yi mini daɗi.

Ƙa'idar aikin ita ce, sau ɗaya a shekara kowa ya zo awo. Ina gwada nauyi da hawan jini da sukari in rubuta a kati, sannan likita ya zo daga babban asibiti ya duba, ya sa hannu cewa mutum ya cancanci aikinsa ko bai cancanta ba. Abin da ke cikin katin sirri ne tsakanina da likita da mai shi. Ofis hukuncin kawai yake gani. A shekarar nan ɗan mai kamfani ya dawo daga karatu ya hau kujerar darakta, ya ce awo kaɗai bai isa ba. Duk wanda aka ga alamar matsala a jikinsa, in zauna da shi in koya masa yadda zai ci da yadda zai motsa jiki, in riƙa bibiyarsa duk Litinin. Na karɓi aikin da zumuɗi, ina ganin ni zan gyara kamfanin kaf.

Shef Usmanu shi ne shugaban direbobi, mutumin garin Gidar, ya ba hamsin baya. Ƙato ne mai tumbi, in ya zauna sai benci ya yi ƙara, kuma a garejin nan tumbin wani ɓangare ne na girmansa. Direbobin da ba sa kan hanya tare suke cin abinci a faranti ɗaya, wata dattijuwa mai suna Dada Mairama ke dafa musu. Shef ne yake fara yin bismilla, shi yake yayyaga nama ya tura wa kowa nasa. Ba wanda ke sa hannu kafin shi.

Da na gwada shi, jini ya hau, sukari ma ya hau. Likita ya so ya rubuta cewa bai cancanci doguwar hanya ba, ni na roƙa a ba shi wata uku da magani mu gani. Bayan likita ya tafi, Shef ya turo ƙofa ya ce da ni, “Dokta, don girman Allah kada maganar nan ta wuce ɗakin nan. In ta kai ofis, sunana ne zai fara hawa takardar kompresiyo, kuma yara bakwai nake ciyarwa.” Na yi masa alkawari.

Ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba. Ya daina zuba sukari a shayi, ya bar lemon kwalba, ya jingine babur ɗinsa ya koma tahowa a ƙasa daga unguwar Yelwa bayan sallar asuba. A faranti kuwa ya rage loma, kitsen nama ya riƙa tura wa wasu. Duk Litinin sikeli yana sauka, jini yana sauka, ni kuma kaina yana ƙara girma. Riga ta fara yi masa yawa, wuyansa ya fito. Ina ta murna, ban lura da yadda gareji yake yin tsit in ya wuce ba.

Abin da na manta shi ne shekarun da muke ciki. Kanjamau tana ɗaukar direbobin doguwar hanya, mu ma mun binne namu a garejin nan, kuma kowannensu da rama ya fara. Ba mai kiran sunanta, sai dai a ce ciwon nan. Saboda haka ranar da na ga Shef da kwanonsa daban, na nufi Dada Mairama. Ta sunkuyar da kai ta ce ba laifinta ba ne, Bello ne, mataimakin Shef, ya ce a ware masa kwano da kofi. Ta nuna mini kofin, an ɗiga masa jan fenti a gindi.

Raina ya ɓaci, ni kuma dama ba ni da dogon haƙuri. Na tsaya a kan farantin na yi musu tas. Na ce jahilci ne, ciwon nan ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta kofi, ko ta musafaha. Na daɗe ina bayani kamar ina gaban aji. Ban san rami na ƙara haƙa wa mutumin ba sai da na juya zan tafi, na ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, “Ai kun ji, Dokta ma ya tabbatar.”

Na kira Shef ɗakina na roƙe shi ya bari in faɗa musu gaskiya, cewa sukari ne da hawan jini, kuma ni na sa shi ya rage jiki. Ya ƙi. Ya ce Bello ya daɗe yana hangen kujerarsa, in ya ji da azahar, kafin la'asar darakta ya ji. Ya gaya mini har a unguwa an fara yi wa matarsa wani irin kallo a bakin famfo, a masallaci kuma wanda ke kusa da shi a sahu yana ɗan matsawa. Na ce to me za mu yi? Ya ce in bar masa, ya san maganin abin.

Daga ranar ya daina zuwa awon Litinin. In na aika, a ce yana kan hanya. Cikin 'yan makonni fuskarsa ta cika, kumatu suka tasa suna sheƙi. Gareji ya ɗauki murna, aka ce Shef ya warware, ashe tsohon zazzaɓi ne. Kwanon ya ɓace, ya koma kan faranti, Bello da kansa yake tura masa kitse. Ni kuwa na san irin wannan ƙibar. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi da masu tallar magani ke sayarwa a kasuwa don a yi jiki. Suna kumbura mutum, su tayar da sukari, su tayar da jini. Duk lokacin da na hango shi yana dariya a kan farantin nan sai gabana ya faɗi.

Wata Litinin cikin bazara, zafin Garwa ya kai inda ya kai, na tare shi a bakin ma'ajiya na jawo shi ɗaki kusan da ƙarfi. Na ɗaura masa abin awo. Lambar da na gani ta sa na kwance na sake ɗaurawa a ɗaya hannun, ina fata na'urar ce ta lalace. Ba ta lalace ba. Ya amsa cewa ya daina shan maganin likita, ƙwayoyin kasuwa yake sha. Sannan ya gaya mini ranar Alhamis shi zai kai kaya Kusiri da kansa, domin direbobi biyu ba su da lafiya.

Ƙa'ida ba ta da wuyar ganewa a nan. Ya kamata a ranar in kira likita, in kuma rubuta wa ofis cewa kada a ba shi mota. Amma ya riƙe hannuna ya ce, “Dokta, ka bar ni in je in dawo. Wallahi ina dawowa zan koma kan magani. Yanzu fa na samu suka daina guduna.” Na ce sai na yi tunani. Talata ta wuce ina tunani, Laraba ma haka. In na ɗauki biro sai in ga yaransa bakwai, in na ajiye sai in ga babbar mota maƙare da kaya a kan hanya, mutane na tafiya a gefe. Tsoro biyu suka sa ni tsakiya, ko abinci ban iya ci ba.

Alhamis da safe na rubuta takardar. Na fito da ita a hannu zan kai ofis, sai na ji ƙarar motarsa, ashe an gama lodi da wuri. Na ɗaga hannu ina kiransa, bai gan ni ba. Motar ta nufi ƙofar fita a hankali. A wajen ƙofar nan mata ke zama suna sayar wa ma'aikata ƙosai da kunu. Ina kallo motar ta fara karkata ba tare da an taka birki ba. Mai gadi ya yi tsalle gefe. Ta je ta daki ginshiƙin ƙofa ta tsaya, tsakaninta da kaskon mai soya ƙosai bai fi taku uku ba. Ban san lokacin da na yi gudu na hau motar ba. Na same shi ya kife a kan sitiyari, hannun hagu ya saki, baki ya karkace, idonsa a kaina.

A asibiti likita ya karanta takardar da ta jiƙe da gumi a hannuna, ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun Litinin. Bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Bayan kwana biyu direbobi suka zo dubiya, matarsa ta gaya musu abin da likita ya ce, shanyewar ɓarin jiki ce daga hawan jini da sukari. Da kunnena na ji Bello ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Alhamdu lillahi, ashe sukari ne kawai.” Washegari suka ɗauko farantin gareji har gefen gadonsa suka ci tare, Bello yana ba shi a baki. Da suka fita, Shef ya yafito ni da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunnena kusa da bakinsa.

“Dokta, ka gani,” in ji shi, “yanzu sun yarda.”

Murmushi yake yi da rabin fuska. Na fita waje na jingina da bango. Bai sake riƙe sitiyari ba, kuma da aka fitar da takardar kompresiyo ta gaba, sunansa yana ciki. Aikin da muka yi ta ɓoye-ɓoye don mu tsare masa, shi ma ya tafi.

Tun daga nan ban ƙara kwana da mummunar lamba a aljihuna ba, ko mutum zai yi mini kuka. Ban kuma ƙara jan mutum ɗaya bayan ƙofa in koya masa cin abinci ba. Wurin Dada Mairama na fara zuwa, muka rage mai da gishiri a tukunya, aka ƙara ganye, aka bar sukari a gefe kowa ya gani. Na gwada jinin kaina a gaban kowa, sannan na gwada na Bello, shi ma ya hau. Muka fara zagaya gareji a ƙasa da safe mu duka, har na tsufa a aikin ba a sake ware wa kowa kwano ba.

Ni sikeli na iya karantawa a wancan lokacin, ban iya karanta mutanen da ke zaune da mai hawa sikelin ba. Ku da kuke farawa, duk wanda za ku sa ya rage jiki, ku fara tambayarsa da su wa yake cin abinci.