Jirgin Ɗanlami Ba Na Ruwa Ba Ne

Ɗanlami, ɗan Malam Ubale mai shagon atamfa a unguwar Nkembo ta Libreville, tun yana ƙarami wuyansa a sama yake. A aike shi sayen burodi, jirgi ya gilma, to sai dai gida a sha shayi haka nan. Da arzikin mai ya buɗe a Gabon, benaye suka riƙa tsirowa a Libreville, aka shiga neman samarin da suka yi boko a tura su koyon tuƙin jirgin sama. Shi haifaffen garin ne, ga Faransanci a baki, aka ɗauke shi. Shekara uku ya yi a waje. Ya dawo ya tarar an aurar da ƙannensa mata biyu, bai ci tuwon bikin ko ɗaya ba.

Ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai jigilar ma'aikatan mai zuwa garin Port-Gentil da filayen da aka share a tsakiyar daji. Yana son aikin nan kamar ransa. Mahaifinsa kuwa tsoron abin yake, ko sunansa ba ya iya faɗa cikakke. In an tambaye shi sai ya ce, "Yana tuƙin jirgi," ya ja bakinsa ya tsuke. Haka dangi duka suka koyi faɗa.

Ana nan sai Ɗanlami ya ga Aïchatou, telar da ke ɗaukar atamfa a shagonsu, ya ji in ba ita ba, ba kowa. Mahaifinta Malam Abdou mutumin Maraɗi ne, direban tasi da ke jiran fasinja a tashar jiragen ruwa ta Port Môle. Kafin tasi, shekara ashirin ya yi yana jan babbar mota a hanyoyin Nijar. Ranar sunan Aïchatou yana can bayan Agadas da karyayyar mota, sai bayan wata guda ya ga fuskarta. Abin bai taɓa barin zuciyarsa ba, kuma kowa ya san ya ce 'yarsa ba za ta auri mijin hanya ba.

Baffa Hammadi, ƙanin Malam Ubale, shi ya je neman auren. Malam Abdou ya tambayi sana'ar yaro, Baffa ya ce matuƙin jirgi ne. To mutumin da ya wuni a Port Môle yana kallon jiragen da ke haye ruwa da safe su dawo da la'asar, wane jirgi zai zo masa a rai? Ya ce madalla, ya ba su. Aka raba goro.

Daga nan Malam Abdou ya shiga cigiyar surukinsa a bakin ruwa. Duk jirgin da ya tsaya sai ya leƙa, ya tambayi 'yan dako, ba wanda ya san wani Ɗanlami. Ran nan ya ɗauki wani Bature daga unguwar Batterie IV zuwa filin jirgin sama. Yana sauke akwati, sai ga yaron da ke zuwa gaishe shi cikin kaftani, yau cikin farar riga da hular matuƙa. Ɗanlami ya cire hula ya durƙusa.

"Baba, barka da rana."

"Kai, mi kake yi nan da wannan kaya?"

"Aikina ne, Baba. Yanzu muka sauka."

Malam Abdou ya dubi sama, ya dubi yaron, ya shiga motarsa ya ja ta ya tafi. Kafin magariba saƙo ya iso Nkembo: a zo a karɓi kaya, an fasa.

Ɗanlami ya shiga tashin hankali. Baffa ya ce mafita ɗaya ce, ya ajiye tuƙin ya kama shago, ko ya nemi jirgin ruwan da gaske. Ɗanlami ya rubuta takardar barin aiki, ya yi kwana uku yana yawo da ita a aljihu. Ya tsaya a bakin ofis sau biyu, ƙafarsa ta ƙi shiga. Yana son Aïchatou, amma ya san in ya miƙa takardar nan, wani mutum daban za ta aura, mai ɗaga kai duk sa'ad da jirgi ya wuce.

Ya tafi gidan Malam Abdou da takardar, ya ajiye ta a kan tabarma.

"Baba, in ka ce in miƙa, gobe zan miƙa. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ba da son raina ba ne. Kuma in na ci gaba, akwai ranakun da za a neme ni a rasa."

Sai muryar Aïchatou ta fito daga bayan labule. "Baba, ni na san jirgin sama ne tun ranar farko. Kai kaɗai ne ba ka tambaya ba."

Tsohon ya juya wajen labulen. "Ɗiyata, ba ki san zaman jira ba. Tambayi uwarki."

"Na tambaye ta. Ta ce jiran da wuya, amma ba ta taɓa cewa da ma wani ta aura ba."

Malam Abdou ya tura takardar da ɗan yatsa zuwa gaban Ɗanlami. "Ɗauke abarka. Ni na ce na ba matuƙin jirgi, ban ce wane iri ba. Laifin kunnena ne."

Aka yi biki. Abin da tsohon ya ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba. Salla biyu Ɗanlami ya yi a Port-Gentil. Da Aïchatou ta haifi ɗan fari, ya roƙi hutun ranar suna aka ba shi, sai dai ana jibi suna ya kai ma'aikata wani fili a daji, ruwa ya sauko kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Filin jar ƙasa ya koma taɓo. Safiyar suna yana zaune ƙarƙashin fiffiken jirgi, ya yi kuka sosai, ya tambayi kansa ko aikin nan ya kai wannan.

Washegari ya sauka Libreville, ya tarar da tasin surukinsa a bakin fili. Kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Baba, abin da ka faɗa ya faru."

"Ya faru," in ji Malam Abdou, ya tayar da mota. "Sunansa Oumarou. Mahaifinka ya ce ni zan tsaya a madadinka. Ni na riƙe shi wanzami ya yi mishi aski, ni na kama ragon." Ya hau kan titi. "Shekara ashirin da huɗu ina jin zafin sunan da ya wuce ni. Jiya na samu na tsaya a wani."

Suka bi ta Batterie IV, wani jirgi ya taso ta kansu. Ɗanlami ya daure bai ɗaga kai ba. Tsohon ne ya leƙa ta taga ya bi shi da kallo.

"Na gaba dai kai za ka kama ragonka," ya ce. "Bayana ba ya son wannan aiki."