Goggo Tan da Ranar da Waya Ta Ce Kawu Dou Ya Mutu

Kullum da safe Goggo Tan Guixiang za ta kurɓi kunun geronta, ta hau ɗan babur ɗinta mai caji, ta bi gidajen tsofaffin ƙauyenmu da waya a hannu. Aikinta ke nan shekara da shekaru. Ƙa'idar ita ce, tsohon da ke karɓar fansho sai ya kalli waya, ya ƙifta ido, ya juya kai, a tabbatar yana da rai. In wayar ba ta yarda ba, fansho ya tsaya, magani ya tsaya.

To, bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kawu Dou, manomin da ya ƙare ƙarfinsa a gonar masara. 'Ya'yansa suna can masana'antun kudu. Wuya ya ƙi juyawa, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, waya ta ce ba ta san shi ba. Da Goggo ta kira ofishin fansho, wani saurayi ya ce a kawo Kawu gari. Mutumin da ko zama ba ya iyawa! Haba, ina tausayi?

"Ƙyale su, Guixiang," in ji Kawu, baki a karkace. "Tunda na mutu, ki zaɓo min akwati mai kyau."

"Kai Kawu, wace gawa ce ta cinye min kwano biyu na taliya jiya?"

Washegari ta sauka gari, ta zauna gaban teburin saurayin nan, ta ce ita da tashi sai da shi. Haka ta goyo saurayin a babur, suka hau tudu cikin taɓo. Kawu ya miƙa masa hannun da ke motsi.

"Taɓa ni, yaro. Da ɗumi ko babu?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Fansho ya dawo, tsoho ya daina kwana da fargaba.

Ke ce garkuwar tsofaffi, Goggo, mun gode. Abin takaici, watan nan za ki ajiye aiki babu fanshon ma'aikata, wai ɗaukar wucin gadi aka yi miki. Ɗan ƙaramin fanshon manoma za a ba ki, ke ma ki riƙa ƙifta wa waya ido.

Matasa, mu karɓi babur ɗin nan, kada ya yi tsatsa. Ke kuwa Goggo, ranar da waya ta ce ba ta san ki ba, duk ƙauyen nan za mu sauka gari, mu zauna gaban teburin.