Kurtun Kofur

Kofur bai taɓa yin soja ba. Ni ɗan kawunsa ne, tare muka tashi, ba wanda zai faɗa mini. Ya dai je wurin ɗaukar soja yana saurayi, aka zagaya ƙirjinsa da igiyar awo, mai awon ya dubi igiyar, ya dube shi, ya ce ya koma gida ya ƙara cin abinci. Daga nan ya samu gadi a ƙofar wata masaƙa, aka ba shi kaki da usur, duniya ba ta sake hutawa ba. Ma'aikata suka sa masa Kofur don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Har masaƙar ta rufe, ko ƙuda bai wuce ƙofar nan ba sai an caje shi.

A gida ma haka. Kafin takunsa ya iso daga bakin titi, har kajin gidan sun shiga layi. Da 'ya'yan suka girma, kowa ya kama gabansa. 'Ya'ya matan, aure ya kai su nesa, kuma da idonsu a buɗe suka zaɓi nesan. Auta, namijin, yana aikin ofis a gari ɗaya da ubansa, amma sai ka rantse teku ce tsakaninsu. Da matar Kofur ta rasu, gidan ya koma daga shi sai tela mai hayar shagon ƙofar gida.

Abin da ke cin sa, wanda ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai furta ba, jikarsa ce, 'yar Auta. Tana goye aka taɓa kawo masa ita. Yanzu har ta shiga makaranta, shi kuwa ko muryarta bai sani ba.

Wata rana da hantsi sai ga Auta da kwali a hannu, wani abu yana motsi a ciki.

"Baba, tashi za mu yi daga gidan da muke. Sabon ba a gama gyara shi ba, inda za mu raɓe kuma ba sa son kare. Na yarinyar ne. Alewa take ce masa."

"Alewa? Kare?"

"Ka riƙe mana shi. In an yi hutu zan kawo ta ta gan shi. In wurin ya yi mata, ƙila ta kwana biyu."

Kofur bai ji komai ba sai wannan ta ƙarshen. Ya leƙa kwalin. Ɗan kwikwiyo ne ja, kunnuwa sun fi kan girma, yana tauna gefen kwalin kamar abin gadonsa. Nan take Kofur ya yanke shawara: ranar da yarinyar za ta zo, za ta tarar da karen da ba kamarsa a ƙasa bakwai, uban nata kuma zai gane cewa tsoho ya iya riƙo. Kafin ƙurar motar Auta ta kwanta, Alewa ya zama Kurtu.

Tsarin horon mai sauƙi ne. Abinci sau ɗaya a yini, kwano cike da ragowar shinkafa da wake, a kwarara madara a kai. Kofur zai ajiye kwanon a baranda, ya busa usur, Kurtu ya zauna yana kallo har sai an ce masa "Ci!" In ya motsa ko da farce ne, kwano ya koma saman taga, a sake daga farko. Shi kuwa ɗan kwikwiyo, in aka sake shi, ba ci yake ba, zuƙa yake: shinkafar, madarar, da duk iskar da ke unguwar. Can sai ciki ya kumbura kamar ƙwallo, ya fara ƙugi.

Sannan tusa ta biyo baya.

Jama'a, an yi tusa a duniya, amma ta Kurtu daban ce. Ƙadangare ya taɓa faɗowa daga katanga a sume. Shanyar maƙwabta sai da aka sake wanke ta. Tela ya fito da tsumma a hanci.

"Kofur, ka ji tsoron Allah. Masu kawo ɗinki ni suke kallo. Jiya wata ta ce in nemi magani."

"Koma ka taka kekenka. Horo ake yi."

Abin da ya fi ƙona wa Kofur rai, sau da yawa daidai lokacin da ya daka tsawar "Zauna!" abin yake kufcewa. A wurinsa wannan raini ne tsagwaronsa. Mutumin da manyan direbobi suke kashe mota in ya ɗaga hannu, yau ɗan kare ne zai amsa masa ta baya? Sai ya ƙara tsawon jira. Jira ya ƙara yunwa, yunwa ta ƙara zuƙa, zuƙa ta ƙara abin da tela yake kuka da shi.

Da tela ya rantse zai kwashe kayansa, dole Kofur ya ɗauki Kurtu zuwa asibitin dabbobi. Likitar yarinya ce sa'ar 'yarsa. Ta latsa cikin, Kurtu ya gaishe ta, ta buɗe taga.

"Baba, sau nawa yake ci?"

"Sau ɗaya, kamar soja."

"Jariri ne fa, Baba. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa. A bar madara da wake. A sa dutse babba a tsakiyar kwanon don ya riƙa ci a hankali. Kuma a daina sa shi jira da yunwa. In ya yi abin kirki a ba shi ɗan abu, a shafa kansa."

Kofur ya karɓi dutsen da murna, don ya yi kama da horo. Ya janye madara da wake. Jira kuwa, ya ce yarinyar nan ba ta taɓa riƙe ko kyanwa ba.

Warin ya ragu, bai tafi ba. Kurtu ya iya "Zauna!", ya iya "Kwanta!", ya iya "Tsaya!" Ya daina tauna silifas, ya daina bin kaji, wutsiyar ma ta daina kaɗawa. Kofur ya ɗauki duk wannan nasara ce. Wani lokaci in kwikwiyon yana barci cikinsa na ƙugi, tsohon yakan miƙa hannu kamar zai shafa, sai ya tuna kada ya ɓata tarbiyya, ya sosa gwiwarsa. Ya share ɗakin marigayiya, ya shanya katifa, ya ɗaura sabon labule.

Hutu ya zo. Mota ta tsaya, yarinya ta diro da gudu.

"Alewa! Alewa!"

Kwikwiyon ya ɗaga kunne. Jikinsa duka ya karkata wajenta, amma ƙafafun ba su ɗaga ba. Ya dubi Kofur.

"Tsaya ki ga abin mamaki," in ji Kofur, bakinsa har kunne.

Ya kawo kwano, ya ajiye, ya busa usur. Kurtu ya zauna cak. Miyau yana zuba, cinyoyi suna rawa. Wata 'yar siririyar tusa ta sulale, kamar tana neman gafara. Yarinyar ta fara dariya, sai ta bari.

"Kaka, yunwa yake ji."

"Ya sani, ni ma na sani."

Kofur ya waiwaya wajen ɗansa don karɓar yabo. Auta yana tsaye ƙyam, hannuwa a baya, ƙafafu a haɗe, idonsa a kan kwanon. Da ya lura da yadda yake tsaye, ya saki hannuwan kamar ya taɓa wuta.

"Baba, ce masa ya ci."

"Saura kaɗan."

"Baba. Har yau matata tambayata take me ya sa nake gama abinci kafin ta zauna."

"Ni ban taɓa dukan ɗayanku ba."

"Ba ka taɓa ba."

Auta ya durƙusa ya sunkuci kwikwiyon, ya ce da yarinyar ta shiga mota.

"An share ɗakin fa," in ji Kofur. "Har labule..."

"Wani hutun, Baba."

Da motar ta ɓace, tela ya leƙo.

"An sallami Kurtu ke nan?"

"Lalata shi za su yi. Duk wahalar nan da na sha."

An yi hutu da yawa tun daga ranar, mota ba ta sake tsayawa ba. Kwanan baya na je takanas don in tsokane shi. Na toshe hanci tun daga ƙofa, na ce, "Kofur, kare ya tafi, yanzu wa za ka ɗora wa warin?" Da can da ya bi ni da takalmi har titi. Ya matsa mini gefen benci kawai, ya tambaye ni ko na san ajin da yarinyar take yanzu.