Ƙishirwar Motar Ba-Gaggawa

A tasha kowa Ba-Gaggawa yake ce masa, har 'yan kamashon da ya haifi kamarsu. Direban tasi ne, a bayan sitiyari furfura ta same shi. Motarsa kuwa sa'arsa ce a tsufa. Allurorin gabanta sun daɗe da mutuwa, ta gudu da ta mai da ta zafi, kowace ta kwanta inda ajali ya riske ta. Bai taɓa damuwa ba, don da kunne yake tuƙi: injin na canja murya, hannunsa ya kai ga giya. Da wannan kunnen ya aurar da 'ya'yansa mata, da shi yake riƙe da jikoki biyu da babban ɗansa ya rasu ya bari. Abin tutiyarsa ɗaya ne a duniya, man da wani zai ƙone kafin rana ta take, shi sai ya kai shi yamma.

Sai zazzaɓi mai zafi ya kayar da shi, ya tashi da ƙyar. Tun ranar da ya koma hanya motar ta shiga shan mai kamar an huda tankin. Ya wuni yana zirga-zirga, abin da ya samu ya koma gidan mai, ya shigo gida hannu na dukan cinya. Matarsa kuwa sai dai ta ƙara wa miya ruwa. Dukansu sun sani, in aka jingine motar nan babu wani mai nema a gidan.

Da farko maƙwabta ya zarga da zuƙe masa mai da tiyo, ya sa wa murfin tanki kwaɗo. Ba ta canja zane ba. Dole ya nufi garejin Auta, ƙanin matarsa, bakanike mai hannu amma bakinsa ba linzami. Wasa ne tsakaninsu tun Auta na da majina a hanci.

"Tsoho, kai aka kawo gyara ko akwalar?" in ji Auta da ƙarfi, yadda ya saba magana.

"Rufe min baki ka buɗe bonet, ɗan nema."

Auta ya bi ta gaɓa-gaɓa. Ya ƙara wa tayoyi iska, ya kakkaɓe matatar iska, ya fito da fulogai baƙi ƙirin ya canja. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ko zai ga ɗigo, kwali ya wuni a bushe. Ya ɗaga ta a jak ya juya kowace taya ko birki na riƙewa. Ya wanke kafireto ya daidaita silo, har injin ya koma lumfashi kamar jariri mai barci. Ba-Gaggawa ya tafi da murna, ya dawo da baƙin ciki. Haka aka yi ta yi, har keken ɗinkin matarsa ya narke a sayen kayan gyara.

Ran nan Auta ya karɓi makulli ya fita da ita shi kaɗai. Ya dawo yana sosa ƙeya, don a hannunsa motar ba ta sha fiye da ƙa'ida ba.

"Shiga ka ja mu, Tsoho, in ga irin tuƙin mutanen da."

Suka hau titi. Ba-Gaggawa ya sa lamba ɗaya, ya sa lamba biyu, ya miƙe abinsa hankali kwance, hannunsa kan giya yana jiran injin ya canja murya. Injin kuwa ihu yake yi, har masu shaguna suna leƙowa. Ya ga bakin Auta yana motsi, ya ɗauka tsiyar da ya saba ce, ya yi masa murmushi. Sai da Auta ya dafa hannunsa ya nuna masa gefen hanya.

Suka tsaya. Auta ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi, ya ɗaga murya, yana fitar da magana ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, motarka lafiyarta ƙalau."

Ba-Gaggawa ya dube shi da kyau. Tunda suke, Auta bai taɓa ce masa Yaya ba.

"Ba ka jin injin. A lamba biyu kake wuni, shi ya sa take shan mai. Zazzaɓin nan ya tafi da kunnenka."

Nan ya tuna yadda jikokinsa suka daina hayaniya, da yadda fasinjoji suka daina gaisuwa, da yadda yake faɗan matarsa ta koyi magana ƙasa-ƙasa. Ashe duniya tana nan da surutunta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da birki ya tsinke masa a gangare.

"To ka tayar min da allurar gudu, in riƙa kallo," ya ce.

"Zan tayar. Amma in babbar mota ta danno maka hon daga baya fa, ga mutane cike a motarka?"

A asibiti ma da aka duba kunnen Ba-Gaggawa, girgiza kai aka yi aka ba shi haƙuri.

Duk da haka washegari ya yi sammako, ya goge gilashi, ya zauna a mazauninsa. Me zai yi in bai fita ba? Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, jikokin na riƙe da zanenta. Ya murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya, lafiyayye, ko girgiza babu. Ya saurara, bai ji komai ba. Ya sake murɗawa, ƙarfe ya ci ƙarfe da wata ƙara da ta sa yaran toshe kunne. Ya sake. Sannan ya leƙo ta taga, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kira min maƙwabta su tura," ya ce da matarsa. "Yau kuma ta ƙi tashi."