Ranar da Baba Sale ya zauna a kujerar tsakiya

Jama'a, yau sai da na yi ihu a tsakiyar kasuwar Gwarzo!

Ina cikin tayin manja, sai wata mata ta riƙo hannuna: "Ba Malama Rifkatu ba ce?" Muka gaisa, ta buɗe waya ta nuna mini wani tsohon hoto. Ashe 'yar Baba Sale ce, mai shara a makarantar da na koyar a Kabo!

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka ɗauki hoton, a makarantarmu. Mu Kiristoci muna ɗari-ɗari, ga tsadar rayuwa, hoto ɗaya tak za a yi. Mun jeru ke nan, sai shugabanmu Malam Bulus, mutumin Kudancin Kaduna, ya ɗaga hannu: "Dakata, ba mu cika ba. Ina Baba Sale?"

Wani malami ya ce, "Ranka ya daɗe, ai hoton ma'aikata ne."

"Shi kuma yawo yake zuwa yi? Yesun da nake bi har ƙafafun almajiransa ya wanke. Ni ne zan bar dattijo a bayan aji?"

Aka kirawo shi, Malam Bulus ya miƙe ya ba shi kujerarsa ta tsakiya. Baba Sale ya zauna yana ta ɓoye tsintsiya a bayansa, muna ta dariya. Ga bakin tsintsiyar nan ma ya fito a hoton!

'Yarsa ta ce, "Malama, hotonsa ke nan kaɗai a duniya. Da shi jikokinsa suka san fuskarsa."

Ku fa, a wurin aikinku, wa ake mantawa idan mai hoto ya zo?