Gwajin da Alƙaliya ta bari ja

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran abokiyar aikinmu bayan jinyar mako uku. Alƙaliya muke ce mata a ofis, kuma da farko ba yabo ba ne.

Aikinmu manhaja ce mai juya rubutun injiniyoyi zuwa umarnin da kwamfuta ke ganewa. Ni na rubuta ɓangaren da ke kwaikwayon na'urar, yana bin umarni ɗaya bayan ɗaya: tara, ɗebe, raba. Ke kuma, Alƙaliya, 'yata a sana'a, ke kike rubuta wa kowane umarni gwajinsa. Sauran kan kunna manhajar, su kwafe duk amsar da ta bayar su ce ita ce daidai, allo ya yi kore alamar gwaji ya wuce, a tafi cin abinci. Ke sai kin fitar da amsar da biro a takarda tukuna. Shekara talatin ina wannan sana'a da digirina biyu, ina kallo ana ɗaga masu kore, ana barin irinki a teburin bakin ƙofa. Tuni na daina magana.

In kin kama kuskurena ba kya faɗa a taro. Sai ki ajiye mini takardar ki ce, "Baba, tsakanina da na'urarka akwai mai ƙarya. Ni dai na yi sallar asuba."

Gwajinki na ƙarshe, na raba lambar da ke ƙasa da sifili, har yau ja yake a allo, bai wuce ba. Kin ce uku, na'urata ta ce huɗu. Kwana biyu da binne ki manaja ya tsaya a kaina: "Baba, mayar da amsar gwajin huɗu mu fitar da aiki. Mai ita ai ba ta nan."

Na taɓa yin haka kina hutun haihuwa, ban kuma gaya miki ba. Wannan karon na zauna na lissafa. Ke ce da gaskiya. Shekara shida kuskuren yana kwance a rubutuna. Na ce wa manaja aiki zai jira mako guda. Ya ce masu son kujerata suna da yawa. Na ce ya ba su.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba maigidanki da Inna mahaifiyarki da 'yan biyunki haƙuri. Ban samu na nemi yafiyarki ba kan lambar da na canja a bayan idonki. Allah Ya sa da na tambaya, da kin yafe.