Kawo-in-gani, Mutumin da Ya Shiga Jirgin Umara

Kafin mata su sauke kokon safe, Malam Irmiya Auta ya riga ya share farfajiyar ɗakin shan magani na Mashigin Kolo. Zai jingine kekensa a gindin darbejiya, ya ɗora ruwa a risho don dafa allurai, ya goge tebur, sannan ya ɗauko wani tsohon faifai ya ajiye a gabansa. Baƙo zai zaci goro za a zuba a kai. Mu 'yan gari mun san aikin faifan nan, kuma tunda a makon nan mai shi ya ajiye aiki bayan shekara goma sha shida, da shi zan fara.

A 1982 ya zo mana daga wajen Zonkwa, shi da matarsa Rifkatu da akwatin ƙarfe guda. Garinmu yana cikin fadamar Auyo. Da zarar damina ta kankama ruwa ya raba mu da hanyar Haɗeja, ba shiga ba fita sai da jirgin fito. Ma'aikatan da aka turo kafin shi babu wanda ya yi damina biyu, sauro da kaɗaici ke korarsu. Shi kam sai ya kama gona, ya shuka shinkafa, ranar Lahadi ya haye da kekensa zuwa coci ya dawo kafin la'asar.

Tun makon farko muka gane mun samu mai wata irin ɗabi'a. Ka zo da ciwo, maimakon ya ɗauko allura sai ya tambaye ka, "Me kake sha a gida?" In ka ce ba komai, ya yi murmushi ya ce, "To je ka kawo mini ba-koman in gani." Haka za ka koma ka tattaro duk abin da ke kan taga da ƙarƙashin matashi, ƙwayar kasuwa, garin magani a ƙulle, saiwa, ragowar maganin tarin maƙwabta, ka juye a faifai. Bai taɓa raina kayan kowa ba. Rubutu kuwa da hannu biyu yake mayar wa mai shi. Amma sau da yawa ka je da magani biyar ka dawo da biyu.

Mu kuwa mutane ne masu son allura. Likitan da bai huda mu ba, gani muke bai yi aiki ba. Sai aka sa masa suna Kawo-in-gani, da farko don zolaya. Zolayar ta ragu ranar da wata uwa ta juye kwalabe uku masu launi daban-daban da take ɗura wa jaririnta, ya nuna mata duk magani ɗaya ne aka sauya wa riga. Yarinyar nan yanzu tana aji shida a firamare.

Amma abin da gari ba zai manta ba shi ne na Umara mai fito.

Umara ya gaji jirgi da gorar tuƙi daga mahaifinsa, shi kuma daga nasa mahaifin. A daminar 1994, bayan rasuwar tsohon da 'yan watanni, aka fara ganin Umara yana ramewa, ido ja, ya bar raha da fasinja. Barci ne ya ƙaurace masa. Wasu suka ce mutanen ruwa ne, wasu suka ce hannu aka sa masa. Wata ranar kasuwa, rana tsaka, jirgi cike da mata, gyangyaɗi ya sace shi a tsaye. Gora ta kuɓuce, jirgi ya juya ya karkata, buhun shinkafa ya tafi ruwa, wata mai goyo ta tsallake rijiya da baya. Da yamma sarkin ruwa ya kira shi ya ce ya ba shi kasuwa biyu, wato mako biyu. In bai warke ba, ya miƙa gora ga wani. Kafin wa'adin ma ya cika mutane sun yanke nasu hukuncin, babu mai shiga jirginsa.

Matarsa Aisa ce ta jawo shi wurin Malam Irmiya, ta kwance ƙyalle ta juye abin da ke ciki a faifai: kwalbar rubutu, turaren hayaƙi, ɓawon itace biyu. Malam ya duba ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zai hana mutum barci. Sai dai ƙyallen yana wani irin wari, kamar takalmin roba da aka cire bayan an wuni a gona, kuma babu ko ɗaya cikin kayan da ke da warin nan.

"Shi ke nan, Aisa?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ke nan, Malam."

Ya dubi Umara, shi ma ƙasa yake kallo. Malam Irmiya ya daɗe a cikinmu, ya san bambancin sunkuyon mai ƙarya da na mai kunya. Bai matsa musu ba, ya ce su je gida.

Washegari da hantsi sai ga shi a mashigi. Mutane na zaune suna jiran wani jirgin da zai zo daga tsallake, Umara na gefe shi kaɗai. Malam ya tattare wandonsa ya nufi jirgin Umara. Wani dattijo ya riƙo rigarsa ya ce, "Malam, kana fa da iyali."

"Shi ma yana da su," in ji Malam Irmiya, ya shiga ya zauna.

Da suka kai tsakiyar ruwa, inda babu kunnen kowa, ya ce, "Umara, kafa gorar nan mu ɗan tsaya. Akwai abin da bai zo faifaina ba."

Umara ya kafa gorar. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da wata kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, cike da ƙwayoyi. "Wannan ai ba magani ba ne, Malam. Saiwa ce aka niƙa. Kuma Baba ne ya kawo."

Baban da yake nufi shi ne surukinsa, Alhaji Gwadabe, mahaifin Aisa, mai kai shinkafa Kano. Da ya ji surukinsa ba ya samun barci sosai tun rasuwar, sai ya shiga wani babban kantin magani a can ya sayo masa wannan. Malam ya buɗe murfin, warin nan ya bugi hancinsa. Ya karanta rubutun jikin kwalbar. Saiwar baleriyan ce, wadda Turawa ke sha don barci.

"Nawa kake sha?"

"Da guda ɗaya ne. Da barcin ya ƙi sai na mai da biyu. Yanzu huɗu."

"Kafin ka fara fa, yaya kake kwana?"

"Ina barci, sai dai nakan farka in tuna tsoho. Yanzu kuwa ido ne kawai a bushe, ƙirji yana bugu, har a kira salla."

Malam Irmiya ya gaya masa abin da ya sani. Mutane da yawa suna shan saiwar nan su ce ta taimake su, amma akwai 'yan tsiraru da take juya musu, maimakon ta kwantar sai ta tayar. Ya ce ba zai rantse ba, amma yana kyautata zaton Umara na cikinsu. Sannan ya tambaye shi me ya hana shi dainawa tun da ya ga ba ta yi masa.

"Malam, duk Juma'a in na je gaishe shi sai ya ce, 'Barci fa?' Ina durƙushe a gabansa. Mutumin da ya ba ni 'yarsa, ya tuna da ni har a Kano, in buɗe baki in ce abinsa bai yi ba? Sai in ce da sauƙi. Shi kuma ya ji daɗi ya ƙaro wata kwalbar."

"To ka karɓa ka ajiye mana."

"In ya ce na sha? Ƙaryar ta zama biyu ke nan."

Malam bai yi dariya ba, ko da yake ya ce daga baya abin ya ba shi dariya ya kuma ba shi tausayi. Ya tsara masa yadda zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ya hana shi goro da shayi bayan la'asar. Ya ce zancen Baba kuma Umara ya bar shi a hannunsa.

Nan ne aikin ya fi wuya. Da wani ne, sai ya karɓe kwalbar ya ce likita ya hana, a bar tsoho cikin duhu. Malam Irmiya ya sa farar rigarsa ya je zauren Alhaji Gwadabe, suka gaisa har aka kawo ruwa, sannan ya faɗi gaskiya a hankali. Alhaji ya ɓata rai.

"Mai kantin da bakinsa ya ce mini ba ta da illa. Saiwa ce kawai."

"Haka ne, Alhaji. Rogo ma saiwa ne, amma ka san akwai wanda ba a ci sai an jiƙa. Niyyarka ba ta da aibu. Jikin yaron ne bai karɓa ba."

"To me ya hana shi faɗa mini?"

"Kunyarka yake ji."

Wanda ya kawo ruwan ya ce ya ga tsohon ya goge ido da bakin rawani. "Wata uku yaron nan yana ce mini da sauƙi," in ji Alhaji, "ni kuma ina ta murna ina ƙara masa."

Bai taɓa yi wa surukinsa zancen ba, don hakan zai fi ciwon kansa nauyi. Aisa ya kira ya ce ta gaya wa maigidanta ya bi maganar likita, shi ya yarda.

Kwanakin da suka rage kuwa, kullum da hantsi Malam Irmiya zai rufe ɗakin magani na ɗan lokaci, ya shiga jirgin Umara, su haye su dawo. Ba shi da abin yi a tsallake, kowa ya sani. Rifkatu ta ce ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar kekensa. A kwana na tara Aisa ta zo tana dariya da ƙwalla tare, wai sai da ta yayyafa wa Umara ruwa kafin ya tashi salla.

Ranar da wa'adi ya cika, sarkin ruwa ya zo mashigi, mata sun yi cirko-cirko da ƙoransu babu mai son farawa. Sai ga Alhaji Gwadabe da sandarsa. Bai kalli kowa ba, ya shiga jirgin ya zauna kusa da Malam Irmiya, ya ba surukinsa baya kamar yadda ya kamata. Matar nan mai goyo ce ta fara bin sa, sauran suka biyo. Sarkin ruwa ya tsaya har jirgin ya kai tsallake, sannan ya juya gida. Gora tana hannun Umara har yau.

Malam Irmiya, kai ne ka koya mana cewa ba duk abin da aka kira saiwa ne ke zama lafiya da kowane jiki ba, kuma in magani ya ƙi, ƙari ba shi ne mafita ba. Kai ne ka zo baƙo, ka fahimci kunyarmu, ba ka yi mata dariya ba kuma ba ka bar ta ta kashe mu ba. Kawo-in-gani, likitan da ke tambaya kafin ya huda. Sunan da muka sa maka don tsiya ya zama wanda 'ya'yanmu za su riƙa tunawa da kai. Muna ƙaunarka, kuma tafiyarka ta yi mana ciwo. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, kai da Rifkatu, Ya sa ku huta lafiya.

Ga matasan da ke shigowa aikin nan, ya bar faifansa a kan tebur. Ku yi amfani da shi. Ku tambayi mara lafiya me yake sha, in ya sunkuyar da kai kada ku ce ƙarya yake yi, ku nemi inda zai iya magana. Mu kuma masu kawo wa 'yan'uwa tsarabar magani daga birni, in mun tambaya aka ce mana da sauƙi, mu ƙara duban idon mai amsar.

Ranar Talata muka raka su mashigi da akwatin ƙarfen nan da buhun shinkafa biyu. Umara ne ya fitar da su. Malam ya wuni yana sallama da jama'a, ya gaji, kafin su kai tsakiyar ruwa ya jingina da buhu barci ya ɗauke shi. Rifkatu ta miƙa hannu za ta tashe shi, Umara ya girgiza mata kai.

Daga bakin gaɓa muna kallo. Hayin da Umara ke yi kafin ka gama cin ɓarin goro, ranar nan ya kusa sa'a guda, yana ɗaga gora yana sa ta a ruwa a hankali don kada ta yi ƙara. Motar Haɗeja ta gaji da jira ta tafi ta bar su, sai ta bayanta suka shiga. Da ya dawo muka ce, "Umara, ka sa Malam ya rasa mota."

Ya ɗaure jirginsa, ya ce, "Mota wata na zuwa. Mutumin da ya dawo mini da barcina, ba ni zan katse masa nasa ba."